Gyaran hoto a Magarya da Dungas: ado ya riga ajiya

A gundumomin Magarya da Dungas, can kudancin jihar Damagaram, gyaran hoto ya bar shagon mai hoto ya koma tafin hannun matasa. Abin da a da sai an yi wanka an sa sabbin kaya an tafi studiyo ranar Sallah, yau yaro mai Tecno ko Itel ke yin sa a zaune a rumfar cajin waya. Zai ɗauki hoton ango da amarya, ya cire katangar laka da ke bayansu, ya dasa su gaban furanni, ya rubuta sunayensu da ranar ɗaurin aure, ya jera hotuna biyar ko shida a shafi guda, ya tura wa mai biki. A Turai da Amurka akwai tsohuwar al'adar manna hotuna da ƴan rubuce-rubuce cikin littafi don adana tarihin iyali, wadda daga baya ta koma kwamfuta. Abin da ke gudana a nan ɗan'uwanta ne, sai dai ya zo ta tasa hanyar. Ina ganin wannan fasaha alheri ce, kuma sana'a ce ta gaske, amma ana koyon ta a baibai: an ƙware a ƙawata hoto tun ba a koyi adana shi ba, har gidaje suka wayi gari da hotuna masu yawa da tarihi kaɗan.

Dalili na farko na yaɗuwar wannan fasaha a nan yana cikin taswira. Yankin na daga cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Magarya na da mutum sama da rabin miliyan, Dungas kuma, wadda aka ɓallo daga Magarya a 2011, na da sama da dubu 350, kuma mafi yawansu yara ne da matasa. Gundumomin biyu na jingine da iyakar Najeriya, ga Ɓaɓura ga Maigatari a jihar Jigawa, kuma Kano ta fi Yamai kusa da su nesa ba kusa ba. Duk abin da ya shigo kasuwannin wayar Kano ba ya daɗewa bai iso Magarya ko Bande ko Dogo-Dogo ba, kuma naira na yawo a hannun jama'a kamar sefa. Wayoyin kamfanin Transsion na ƙasar Sin, wato Tecno da Itel da Infinix, sun sa kyamara ta zo daidai aljihun talaka, ballantana a kasuwar na hannu. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne harshe. Matashin Wacha ko Malawa ba ya bukatar Faransanci ko Turanci kafin ya koyi PicsArt ko PixelLab ko CapCut, domin matasan arewacin Najeriya sun cika YouTube da TikTok da darussa cikin Hausa. Wanda ba shi da kuɗin data kuma, abokinsa zai tura masa manhajar ta Xender a kyauta.

Dalili na biyu shi ne rabuwa da gida. Da an gama girbin gero da gyaɗa, maza da yawa kan tafi cin rani Kano ko Abuja ko Legas, wasu su nausa Libiya ko Aljeriya su yi shekaru. Iyalin da aka raba haka suna bukatar abin da zai tsaya a madadin ido. A ƙasar da manyan da suka iya karatu da rubutun boko ba su kai rabi ba, saƙon murya da hoto su ne wasiƙa. Uban da ke Sabha ta Libiya ba zai halarci sunan ɗansa ba, amma zai ga shafin da aka haɗa masa: jariri a tsakiya, ragon suna a gefe, sunan yaron da addu'a a ƙasa. Tun da WhatsApp ya kawo sitatus a 2017, kowane biki da suna da saukar Alƙur'ani da rasuwa ya sami wurin sanarwa, kuma sanarwa tana son ado. A kan wannan sai ga al'adar kalanda da sitika da ake rabawa a bukukuwa, wadda ta riga wayar zamani zuwa, ta kuma sami sababbin ma'aikata a cikin waɗannan yara.

Amfanin a bayyane yake, bai kamata a raina shi ba. Yaron da ya iya tsara katin gayyata zai iya tsara tallar mai ɗinki, da allon shagon mai magani, da takardar sanarwar makarantar Islamiyya. Jarinsa waya ce da caji. Yana koyon daidaita haske, da auna girman rubutu, da sauraron abin da mai aiki ke so, waɗanda duk ginshiƙan sana'ar zane ne a ko'ina cikin duniya. Akwai ma wani darasi da aikin ke tilasta masa: da yawa daga cikin salon haruffan da ke cikin waɗannan manhajoji ba su da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, sai ka ga an rubuta "ɗaurin aure" harafin farko ya zama akwati ko ya fita daban da sauran. Mai kula zai nemo salon da ke ɗauke da su, marar kula ya zubar da ƙugiyar. Yanzu da kundin dokar ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, waɗannan ƙananan masu tsara rubutu suna cikin waɗanda za su yanke yadda Hausa za ta riƙa bayyana a idon jama'a, ko sun sani ko ba su sani ba. Wanda ya ce yankin da ke fama da tamowa da ƙarancin abinci ba shi da lokacin wasa da hoto ya manta cewa rani dogo ne, aikin yi kaɗan ne, kuma ɗan kuɗin da aka samu a kan kalanda shi ma gero yake saye.

Akwai masu cewa ƙorafi a kan ƙawata hoto ba shi da tushe, tun da masu hoton da ma haka suke yi. Maganarsu tana da gaskiya. Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako sun yi suna a duniya da hotunan da aka tsara su tsaf, da labulen baya da rediyo da babur da ake ara wa wanda za a ɗauki hotonsa. Studiyoyin garuruwanmu ma suna da labule mai zanen bene ko jirgin sama. Amma a wancan zamani mutumin da ke gaban labulen shi ne shi, da fuskarsa da tsagen gidansu, kuma fim ɗin asali yana nan a akwatin mai hoto. Shi ya sa hotunan Sidibé suka zama shaidar yadda matasan Mali suka rayu a shekarun 1960. Gyaran waya kuwa yana taɓa fuskar kanta, kuma sau da yawa da an gama sai a goge na asalin don a sami wuri a memori. Abin da ya rage shi ne wanda aka gyara, babu abin da za a koma a gwada shi da shi.

Wannan matsala ta fi tsanani a kan tsofaffin hotuna. A ɗauki hoton kaka da ya yi shekara arba'in a ƙasan adaka, damina ta sa ya yi tabo, gara ta ci gefensa. Jika zai ɗauke shi da waya ya saka a Remini, cikin daƙiƙoƙi fuska ta fito tas, kowa ya yi salati. Sai dai manhajar ba ta san kakan ba. Tana cike gurbin da ya dusashe ne da abin da ta koya daga tarin fuskokin wasu mutane, don haka takan sirance hanci, ta canza ido, ta shafe zane ko tsage a kan zaton datti ne. A yankin da tsagen fuska ke faɗin asalin mutum da danginsa, shafe shi goge sheda ce. Idan daga baya takardar ta ƙarasa lalacewa, jikokin jikoki za su gaji fuskar da ba a taɓa haifa ba. Haka abin yake game da hasken fata. Maɓallin da ke haska fuska yana nan a kusan kowace manhajar kwalliya, kuma masu aiki da kansu ke neman a haska su. Ba mai gyaran hoto ne ya ƙirƙiro son farar fata ba, man bilicin ya riga shi zuwa kasuwa, amma yana mai da abin ya zama ƙa'ida: yarinyar da ta saba ganin kanta a haskake a kowane hoton biki za ta fara ganin madubi ne ke mata ƙarya.

Sai batun ajiya, wanda a ganina shi ne babban raunin. Hoton da aka tura ta WhatsApp a hanyar da aka saba ana matse shi ne, ingancinsa ya ragu, bayanan ranar da aka ɗauke shi su tafi. Idan aka sake tura shi sau da yawa, aka ɗauki hoton fuskar waya aka sake turawa, sai ya zama dishi-dishi, ba ya bugawa a takarda. Waya kuwa tana faɗawa rijiya, ana sace ta a kasuwa, ana sayar da ita idan gero ya ƙare a rumbu, kuma memorin jabu na mutuwa ba sallama. Za a ce ai intanet ta magance wannan, tun da Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta. Hakan yana aiki ga mai rezo mai ƙarfi da data da wuta, wanda kuma ya san kalmar sirrinsa. A ƙauyukan Guci ko Kwaya, sau da yawa mai shagon waya ne ya buɗe asusun, mai wayar bai taɓa sanin kalmar ba, layin da aka yi rajista da shi kuma ya ɓata. Google ɗin ma ya sanar cewa daga Disamban 2023 zai iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba. Wutar ma ba abin dogaro ba ce: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar, aka rufe iyaka, ba a ɗage takunkumin ECOWAS ba sai Fabrairun 2024. Kundin takarda mai leda da iyayenmu ke ajiyewa, duk da gara da damina, bai taɓa bukatar caji ba.

Wasu malamai da iyaye na kallon lamarin ta fuskar addini da tarbiyya, kuma bai dace a yi watsi da damuwarsu ba. Saɓanin malamai a kan hukuncin hoto tsoho ne, ba wannan nazari ne zai warware shi ba, amma ɓangaren mutunci a fili yake. Hoton amarya da aka ba yaro ya tsara kalanda yana zama cikin wayarsa, kuma dabarar da ke cire katanga daga bayan mutum ita ce ke ɗora kan mace a jikin da ba nata ba. A garin da kowa ya san kowa, hoto guda na iya kashe aure. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma a Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta wannan hanya. Amma hana koyo ba zai yi magani ba, domin manhajar na cikin kowace waya, kuma mugu ba ya jiran izini. Abin da ya fi kusa da magani shi ne mata su koyi aikin da kansu, yadda hoton cikin gida ba sai ya fita zaure ba, sannan sana'ar ta yi wa kanta ladabi irin na tela da wanzami, waɗanda ke ganin sirrin mutane su yi shiru.

Gyaran da ake bukata ba mai tsada ba ne, kuma waɗanda ke koyar da ƙannensu a rumfunan caji za su iya fara shi ba tare da jiran wata hukuma ba. Kafin a taɓa hoto a kwafi na asalin a ajiye gefe. Idan za a tura shi don bugawa ko ajiya, a tura shi a matsayin fayil, yadda WhatsApp ba zai matse shi ba. A kowane shafi da aka tsara a rubuta sunayen mutane da garin da shekarar, domin wannan layi guda ya fi furanni goma amfani ga wanda zai duba bayan shekara talatin. Tsohon hoto kuma a ɗauke shi a inuwa, waya a miƙe, babu filasha, a ajiye shi da tabonsa kusa da wanda aka gyara, a kuma tambayi tsofaffin gidan su waye a ciki tun suna da rai. Duk shekara a zaɓi hotuna kaɗan a kai Magarya ko Damagaram a wanke su a takarda. Mai gyaran da ya haɗa wa iyali wannan hidima yana da abin da zai caji kuɗi a kansa fiye da kalandar da ake yar da ita mako guda bayan biki.