Taron Kafin Kaka: Yadda Ƙungiyarku Za Ta Kira Zaman Sulhu Tsakanin Manoma da Makiyaya

'Yan uwa mata, duk wadda ta yi shekara biyu ko uku a ƙungiya ta san lokacin da biyan bashi yake fara tangal-tangal. Ƙuncin tsakiyar damina mun san da shi, mun kuma saba yi masa tanadi. Wanda ke zuwa ba shiri shi ne na kaka. Mace ta ci bashi a akwati, ta sayi irin wake da maganin feshi, ta yi lissafin za ta biya idan ta roro, sai a wayi gari shanu sun kwana a gonar. Idan abin ya tsaya nan, asarar mutum ɗaya ce, asusun taimakon juna yana iya rage mata zafi. Amma sau da yawa ba ya tsayawa nan. Samari su ɗauki gora su nufi ruga, a sari saniya, a rama, kasuwa ta watse, taron mako ya gagara. Akwai ƙungiyar da na taɓa kula da ita wadda ta yi wata biyu ba a buɗe akwati ba, domin ɗaya daga cikin masu riƙe makulli ta gudu da 'ya'yanta garin iyayenta.

Shi ya sa muka sa wannan babi a littafin ajiya da bashi. Zaman lafiyar gari yana cikin jarin ƙungiya, kuma akwai abin da za ku iya yi a kansa tun gero bai nuna ba.

Wannan tsari namu na akwati mai kwaɗo uku a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar aka fara shi, a shekarar 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. A wannan shekarar, a wannan jihar, cikin watan Oktoba, rikicin manoma da makiyaya ya ɓarke a wani gari da ake kira Toda, aka kashe Fulani fiye da 100, mafi yawansu mata da ƙananan yara. Allah ya jiƙan su. Ku lura da waɗanda suka mutu. Mata ba su yanke shawarar faɗan ba, babu wanda ya tambaye su, amma su aka fi binnewa. To, wadda wuta za ta fara ci, tana da bakin magana tun ana haɗa itace.

Me ya sa mu?

Wata za ta ce wannan ai maganar maza ce, ta mai gari da arɗo. Gaskiya ne su ke yanke hukunci. Amma ku duba wane ne ya san wani. Namiji manomi yana iya shekara bai yi magana da makiyayi ba sai ranar da aka yi ɓarna, ran nan kuwa kowa idonsa ja. Mu fa? Mai nono tana shigowa har tsakar gidanmu kusan kullum. Mun san sunanta, mun san ɗanta na goye ya yi ƙyanda, tana bin mu bashin man shanu, mu ma muna bin ta na dusa. Hanya tana nan a buɗe tsakanin gari da ruga, kuma ƙafar mata ce ta fi bin ta.

Ban da wannan, kun riga kun iya taro, ko da ba ku ɗauke shi wani abu ba. Kowane mako mata 20 ko 25 suna zama a da'ira, shugaba ta ba da magana bi da bi, a ƙirga kuɗi a gaban kowa, wadda ta makara ta biya tara ko da matar mai unguwa ce, magatakarda ta rubuta abin da aka tsayar. Taron maza da yawa ba su kai naku tsari ba, na zauna a cikin duka biyun.

Sai dai mu fara da duba kanmu. Mu mata muna iya kashe wuta, muna kuma iya hura ta. Namiji ya dawo daga gona ransa a ɓace, matarsa ta tare shi da “Au, haka za ka zuba ido? Da ɗan wane ne da tuni ya ɗau mataki.” Wannan gorin ya sha tura mutum ya aikata abin da zai ƙare rayuwarsa a kurkuku. Haka nan saƙon murya da ake turowa a WhatsApp, ana cewa ga su nan tafe, ba a san wanda ya fara faɗa ba, ba a san wane gari ake nufi ba, wani lokacin ma labarin bara ne. Kafin ku kira kowa, ku sa doka a tsakaninku: 'yar ƙungiya ba ta yin gori a kan ɓarna, ba ta kuma tura labarin da ba ta tabbatar ba. Kuna iya rubuta ta a dokokin ƙungiya, ku sa mata tara kamar ta makara.

Lokaci da wuri

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kira zaman a watan Agusta ko farkon Satumba, kafin a fara yankan gero. Lokacin da ya fi haɗari shi ne tsakanin Oktoba da Disamba. An cire gero, makiyayi ya hango kara yana ganin gona ta tashi, alhali wake yana kwance a ƙasa, dawa ba ta ƙarasa ba. Kuma wake da gyaɗa su ne yawanci amfanin mata. Idan kuka bari sai an yi ɓarna, abin da za ku kira ya zama shari'a, ba shawara ba.

Zaman farko na mata ne zalla, a cikin gida, domin waɗanda ke kulle su samu halarta. Kowace ta sanar da maigidanta tun da wuri, shugaba da wata dattijuwa su je su gaida mai unguwa ko dagaci su faɗa masa abin da ake shiryawa. Taron da aka yi a ɓoye, kafin la'asar an canza masa suna. Gayyatar matan ruga kuma kada ku aika yaro. Ku tashi mutum biyu ko uku ku taka har can, ku gaida matar arɗo, ku roƙe ta ta zo da 'yan uwanta.

Ga wani ƙaramin abu da na koya bayan na yi kuskurensa. Na taɓa sa taro da hantsi, matan ruga ba su zo ba, namu suka ce ka gani, girman kai. Ashe lokacin tallansu ne, wadda ta zauna taro nononta ya kwana. Tun daga nan sai mu sa shi bayan azahar, ko kuma ƙungiya ta saye nonon a dama fura a sha tare. Ku shimfiɗa tabarma iri ɗaya ga kowa, kada wasu a kujera wasu a ƙasa. Ku nemi wadda ta ji Fulatanci ta zauna a tsakiya, domin akwai tsofaffin da suke jin Hausar ciniki amma ba za su iya faɗin damuwarsu da ita ba. Sunayen tsokana da ake kiran juna da su a kasuwa, a bar su a ƙofar gida.

Kuɗin furar da goro kada a taɓa kuɗin bashi. Ku yi karo-karo na daban, ko ku ɗiba daga asusun taimakon juna idan kowa ta yarda, a rubuta.

Abin da za a tattauna

Ku bar baƙi su fara magana, ku kuma daure ku saurara, domin za ku ji abin da ba zai yi muku daɗi ba. Za su ce burtalin da kakanninsu ke bi an nome shi, an bar abin da ko jaki biyu ba za su jera ba. Za su ce mashaya an kewaye ta da lambu. Za su ce an ci su tarar da ta fi ɓarnar da aka yi, har sai da suka sayar da sa. Sau da yawa gaskiya suke faɗa. Tun 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma mutane sun ƙaru, gona ta yi kaɗan, aka yi ta cin burtali taku-taku. Wataƙila ma wanda ya ci shi mijin wata ce a cikinku.

Sannan ku faɗi naku, ba tare da rufa-rufa ba. Kiwon dare. Garke guda a hannun yaro ɗan shekara tara. A yi ɓarna a gudu kafin gari ya waye, a bar mace da bashi a wuya.

A nan nake son mu fahimci juna sosai. Sulhu ba yana nufin a ce wa mai rauni ta yi haƙuri ba. Na ga inda aka cinye gonar wata bazawara mai marayu, manya suka zauna, aka yi addu'a, aka ce ta bar wa Allah don a zauna lafiya, aka tashi. Shekara ta zagayo aka cinye ta mai hali, ran nan har da 'yan sanda. Irin wannan haƙurin ajiye fushi ne a rumbu, wata rana sai an buɗe. Wanda ya yi ɓarna ya biya daidai abin da ya ɓata, ko ta wace ce gonar. Wanda ya toshe burtali ya buɗe, ko wane ne shi. Idan taronku ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya, ɓangaren da aka danne ba zai dawo zama na biyu ba.

Ku yi ƙoƙari ku fito da buƙatu kaɗan waɗanda ido zai iya gani, kamar uku ko huɗu. Misali, a sa ranar da za a saki gonaki, a yi shela a masallaci da kasuwa, kafin ranar babu shiga, bayan ranar babu hanawa. Maƙwabtanmu na Nijar haka suke yi, hukuma ke sanar da ranar sakin gonaki kowace shekara, kuma tun dokar karkara ta 1993 suke da kwamitocin kula da filaye. Babu abin da zai hana gari ɗaya ya tsayar da tasa ranar da yardar dagaci da arɗo. Sai kuma masu duba ɓarna: mutum biyu daga gari, biyu daga ruga, su je su gani da idonsu tun sawun shanu bai ɓace ba, su ƙiyasta da mudu ko dami. Ku nemi a sa mace a cikinsu idan gonar mace ce. Akwai kuma tsohuwar al'adar nan ta zaman taki, makiyayi ya sauka a gonarka da rani, shanu su ci kara su bar maka taki, ka ba shi hatsi. Da tsadar takin zamani a yanzu, wannan ciniki ne da ya kamata a farfaɗo da shi.

Kai magana gaban manya

Magatakarda ta rubuta abin da aka amince, a karanta da ƙarfi, a fassara, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Sai a zaɓi wakilai, zai fi kyau dattijai mata, na gari da na ruga, su tafi fada tare a rana ɗaya. Tafiyar tare ɗin ita ce rabin saƙon. Ku roƙi dagaci ya kira arɗo da sarkin noma da liman, da limamin coci inda akwai Kirista, a tabbatar da maganar a gaban jama'a.

In aka ce ku je za a duba, ku gode, ku tambayi ranar da za ku dawo, ku kuma dawo a ranar, da yawanku ya fi na farko. Ba zagi, ba jifa, ba tare hanya. Ku gaishe shi, ku zauna, ku maimaita buƙatarku. Ranar 13 ga Mayu 1991 matan Nijar sun fito da yawa a Yamai domin an sa mace ɗaya tak a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Da ƙafa suka taka, ba makami, aka ƙara musu kujeru, kuma har yau ranar ce ake bikin matan Nijar. In dagaci ya gagara, akwai hakimi, akwai sashen noma na ƙaramar hukuma, kuma jami'in da ke kula da ƙungiyarku zai iya taimaka muku da rubuta takarda.

Iyakar wannan aiki

Duk abin da na faɗa, tsakanin maƙwabta ne da suka san juna. Bai shafi 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane ba. Kada wata ƙungiya ta ce za ta shiga daji sasanci, kada ku karɓi aiken kowa, wannan ya fi ƙarfinmu, na hukuma ne. Ku tuna kuma makiyayin da ke kusa da ku shi ma ana kore masa shanu, kada a haɗa shi da ɓarawo don kawai harshensu ɗaya. Idan aka zo karo-karon sayen makami aka ce ƙungiya ta kawo nata, amsar ita ce dokarmu ta hana, kuɗin akwati na ajiya da bashi ne. Shugaba kada ta tsaya ita kaɗai, ku amsa da baki ɗaya.

Bayan an gama kaka, ku sake zama da matan ruga ku duba: ɓarna nawa aka yi, nawa aka biya, ina aka saɓa. Magatakarda ta ware shafi a bayan littafin taro domin wannan. Idan a cikinsu akwai masu sha'awar ajiya, ku gayyace su su zo kallo ranar rabon kuɗi, in sun kai 15 ku sanar da jami'inku a buɗe musu tasu ƙungiyar.