Ƙwayar silikon da ake fatan ta buɗe wa duniya ido a kan hasken gama

A shekarar 1963 Amurka da Tarayyar Sobiyet da Birtaniya suka rattaba hannu kan yarjejeniyar hana gwajin makaman nukiliya a cikin iska da ruwa da sararin samaniya. Da yake babu yarda a tsakani, sai Amurka ta harba taurarin ɗan'adam masu suna Vela domin su yi gadi. A 1967 suka hango walƙiyar hasken gama, irin wanda bam ke fitarwa, amma ba daga doron ƙasa ba. Daga can nesa cikin sararin samaniya ta fito. Ta haka leƙen asiri ya haifar da sabon fagen ilimi.

Hasken gama shi ne mafi ƙarfi a dukan nau'o'in haske. Ido ba ya ganinsa, iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi, madubi kuma ba ya iya tattara shi, domin ratsawa yake yi. Saboda haka na'urar hangensa ba ta da gilashi. Faifai ne na silikon ake jerawa bisa juna, a ɗora su kan tauraron ɗan'adam, su riƙa rubuta inda hasken ya bi.

Na'urar Fermi, wadda hukumar NASA ta harba a 2008, tana gani sosai a ɓangaren hasken mafi ƙarfi. Matsalar tana a tsaka-tsaki, wajen ma'aunin da masana ke kira MeV. Tun da aka kawo ƙarshen aikin na'urar COMPTEL a shekarar 2000, ba a sake leƙa wannan yanki da kyau ba. Alhali a nan ne ake samun sawun sinadaran da taurari ke ƙerawa idan sun fashe.

Dalilin wahalar shi ne yadda hasken ke tafiya a wannan ma'auni. Idan ƙwayarsa ta shiga silikon, takan bugi ilaktron, ta bar masa wani kaso na ƙarfinta, ta karkace zuwa wani gefe. Sai an san daidai inda aka yi karon farko da na biyu, da yawan ƙarfin da aka zubar a kowanne, sannan a iya zana da'ira a sama a ce daga wani wuri a kanta hasken ya taso. In aka kuma gano inda ilaktron ɗin ya nufa, da'irar sai ta rage zuwa ɗan guntun baka.

Fermi tana amfani da silikon mai dogayen layuka, waɗanda ake karanta saƙonsu daga gefe. Tsawon layi yana ƙara hayaniyar lantarki, har ta danne ƙaramin saƙo. A nan ne AstroPix ta shigo. Ƙwaya ce da masana a cibiyar Goddard ta NASA, da ɗakin bincike na Argonne a Amurka, da Cibiyar Fasaha ta Karlsruhe a Jamus ke ƙerawa tare. An raba fuskarta zuwa ƙananan gidaje masu faɗin rabin milimita, kowanne da na'urar ƙara ƙarfin saƙonsa a cikin jikin silikon ɗin. Saƙo ba ya doguwar tafiya kafin a ji shi.

Asalinta daga ATLASPix ne, wadda aka tsara domin gwajin ATLAS a cibiyar CERN kusa da Janeba. A can tarin ƙwayoyin zarra na karo sau miliyan 40 a daƙiƙa, ga wadatar wuta da ruwan sanyaya na'urori. Tauraron ɗan'adam kuwa da faifan hasken rana yake dogara, kuma zubar da zafi inda babu iska aiki ne ja. Don haka aka sadaukar da sauri domin a tsimi wuta: burin shi ne kada kowane murabba'in santimita ya ci fiye da miliwat 1.5.

Sauran magana ta kuɗi ce. An tsara AstroPix ne domin tauraron AMEGO-X, amma da NASA ta tace shawarwarin matsakaitan ayyuka a 2022, ba ya cikin biyun da suka tsallake. Duk da haka aikin ƙwayar bai tsaya ba, har masu gina na'urar ePIC a ɗakin bincike na Brookhaven suka zaɓe ta domin nasu gwajin a ƙasa.

Abin da ake gudun asararsa ya bayyana ranar 17 ga Agusta, 2017, lokacin da Fermi ta kama walƙiyar gama ƙasa da daƙiƙa biyu bayan an ji girgizar karon taurarin niyutron guda biyu. Irin wannan lamari ba ya jiran kasafin kuɗi. Na'urar da ba ta sama a ranar ta rasa shi ke nan.