Wane Irin Mutum Muke Danƙa wa Matasanmu?

A ƙasar Daura, daga cikin gari har Mai'adua da Baure, masu bi ba su da yawa, masu renon matasa kuwa sun fi ƙaranci. Saboda haka idan za a ba wani riƙon zumuntar matasa, mukan duba wanda ya san Littafi Mai Tsarki, ya kuma iya magana, shi ke nan. Akwai tambayar da ba mu cika yi ba: me mutumin nan yake yi idan yaron da yake reno ya ba shi kunya, ko ya daina ɗaga wayarsa?

Masana halayyar ɗan adam sun daɗe a kan wannan. John Bowlby, wani likita ɗan Ingila, ya koyar cewa yadda jariri ya shaƙu da mai goyonsa yakan bi shi har girma. Mary Ainsworth ta bi diddigin haka a Yuganda, inda ta riƙa ziyartar iyaye mata da jariransu a 1954 da 1955. A 1987 kuma Hazan da Shaver suka nuna cewa manya ma suna da salon shaƙuwa iri uku.

Akwai mai kwanciyar rai. Yaro ya ɓata masa, zai tsawata, gobe kuma ya neme shi. Akwai mai nesa-nesa, wanda yakan ba da wa'azi da kuɗin mota amma da zarar yaro ya fara buɗe cikinsa sai ya canja zance. Na ukun ne ya fi ruɗar da mu, wato mai fargabar a guje shi. Shi ne ya fi kowa ƙwazo, kullum yana gidan yaron. Amma ranar da yaron ya kai damuwarsa wurin wani dattijo, sai ya yi fushi, ya ce an ci amanarsa. Yaron yakan koma shi ne mai lallashin babba, daga nan ya fara ɓoye kurakuransa. Ba mu ce a kori irin waɗannan 'yan'uwa ba, domin hali yakan gyaru, amma su ma suna bukatar wani dattijo da zai riƙa zama da su.

Mu tuna da Yohanna Markus, wanda ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya. A Ayyukan Manzanni 15 Bulus ya ƙi a sāke tafiya da shi, Barnaba kuwa ya ɗauke shi zuwa Kubrus. Daga baya, a 2 Timoti 4:11, Bulus da kansa ya aika a zo masa da Markus domin yana da amfani a hidima.

Daɗewa ma tana da nauyi. A 2002 Grossman da Rhodes suka nazarci matasan shirin Big Brothers Big Sisters a Amurka. Waɗanda aka rene su shekara guda ko fiye su ne suka fi amfana, waɗanda renonsu ya yanke kafin wata uku kuwa ganin darajar kansu ya ragu. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin da yawa cikin masu taimakonmu a Daura ma'aikata ne da ake yi wa canjin wurin aiki, ko masu yi wa ƙasa hidima na shekara ɗaya. Kafin mu haɗa su da yaro, mu tambaye su yaushe za su tashi, mu gaya wa yaron tun farko, mu kuma tanadi wani mazaunin gari da zai karɓe shi.