Busa Iska Ce, Faifai Ke Riƙe Ta

A ƙasar Dambatta da Bichi, inda gona ke jingine da gona, in an girbe dawa an ɗaure dammuna, samari kan zaɓi kara mai kauri, su rarake shi, su tsaga masa harshe, ya zama tilliboro. Da dare sai a ji busa daga wannan unguwa, wata ta amsa daga waccan. Kafin damina ta kewayo karan ya fashe, busa ta bi iska.

To, Turawa suna da wani abin busa wanda asalinsa ɗaya da wannan kara, sai dai girma. Sunansa ogan. Bututu ne jere, wani bai kai ɗan yatsa ba, wani kuwa ƙafa 32. Ba baki ke hura su ba, zugazugi ne irin na maƙeri. A da mutane ke zugawa, yanzu injin lantarki. Mutum guda ke zama yana dannawa da yatsu da ƙafafu, kowace dannawa ta buɗe wa iska ƙofa. Wanda ke zauren Royal Albert Hall a Landan, Henry Willis ya ƙera shi a 1871, yau bututunsa 9,999 ne.

Abin da aka gina shi tare da soro ba ya ɗaukuwa zuwa kasuwa, sai dai a ɗauki muryarsa. Garmaho na farko da mazurari ake tara masa sauti, ba ya kama amon manyan bututu. Sai a 1925, da makirfo na lantarki ya fito, aka riƙa kai na'ura cikin zauren. Duk da haka faifan lokacin bai wuce minti 5 a fuska guda ba, har 1948 da kamfanin Columbia na Amurka ya fito da mai ɗaukar fiye da minti 20. Ɗan Nijeriya ma ya ci moriyar wannan, watau Fela Sowande, wanda ya buga ogan a Kingsway Hall ta Landan daga 1945 zuwa 1952. Ya rasu a 1987, amma har yau ana jin hannunsa.

Ƙasar Hausa ba ta rasa rabo ba. Wani Ba'amurke, David Ames, ya zauna Zazzau a 1963 da 1964 yana ɗaukar kiɗan fada da na masu sana'a, aka buga su a faifai 2 a Jamus da sunan UNESCO.

Amma ya kai mai karatu, duba. Kakaki da algaita suna da fada, suna da magada. Tilliboro da sarewa da gangar noma fa? Gayya tana ja da baya, tsofaffin makaɗanta suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Malamai sun sani, abin da ke allo wanke shi ake yi, wanda ya shiga takarda shi ke isa ga jikoki. Ga shi kuwa wayar da ke aljihun kowane falke tana yin aikin da ya gagari garmaho. Wanda ke da irin wannan tsoho a garinsu, ya nemi izininsa ya ɗauki busarsa, ya rubuta sunansa da garinsa da shekara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar da aka rasa shi kuwa ba wanda zai maimaita.

Haza wassalam.