Doguwar Tafiya a Kan Keke ga Mai Ciwon Sukari: Daga Dakoro Zuwa Maraɗi

Idan likita ya tabbatar maka da ciwon sukari, wannan bai raba ka da kekenka ba. Tun shekarar 2012 akwai ƙungiyar ƙwararrun 'yan tseren keke mai suna Team Novo Nordisk, wadda mahayanta duka masu ciwon sukari ne. Amma su da likitocinsu suke tafe. Kai kuwa da ka ƙudura niyyar tasowa daga Dakoro, ka bi ta Kornaka zuwa Maraɗi, tafiyar da ta haura kilomita 100, kai ne mai lura da kanka a hanya. Don haka ya kamata ka san inda haɗarin yake.

Yawancin masu wannan ciwo hauhawar sukari suke tsoro. A kan keke, faɗuwarsa ce abin tsoro. Tsokar ƙafafu tana zuƙar sukari daga jini muddin kana tuƙi. Idan kuma kana yin allurar insulin, ko kana shan ƙwayar glibenclamide, maganin zai ci gaba da aikinsa, bai san kana kan hanya ba. Mai shan metformin kaɗai, nasa haɗarin da sauƙi. Saboda haka, kafin ka sa ranar tashi, ka je asibitin Dakoro ko cibiyar lafiya ta kusa da kai, ka faɗa wa ma'aikacin lafiya nisan tafiyar da kwanakin da za ta ɗauka. Shi ne zai ce a rage maganin ko a bar shi yadda yake. Kada ka rage da kanka, kada kuma ka daina. A auna maka hawan jini, a duba idanu da ƙafafu.

Ga inda wuyar take: alamun faɗuwar sukari sun yi kama da gajiyar hanya. Gumi, rawar hannu, bugun zuciya, yunwa ta farat ɗaya, jiri. Wane mahayin keke ne ba ya gumi? Shi ya sa na'urar awon sukari ta fi kowane guzuri daraja a jakarka. Idan awo ya nuna ƙasa da giram 0.70 a lita, ko kuwa ka ji alamun ba ka da abin awo, ka sauka nan take, ka nemi inuwa. Ka sha ƙwayar sukari 3, irin ta shayi, wato kimanin giram 15. Ka dakata minti 15 ka sake awo. In bai tashi ba, ka maimaita. Bayan ka farfaɗo ka ci abu mai riƙe ciki, kamar fura ko burodi da gyaɗa, sannan ka hau. Dabino ma yana taimakawa. Sukarin nan ya zauna a aljihun rigarka, ba a ƙasan kayan da ka ɗaure da roba a bayan keke ba. Mai rawar hannu ba ya iya kwance ƙulli.

Isa masauki ba ya kawar da haɗarin. Jiki yana ci gaba da mayar da abin da ya ƙone har tsawon awa 24, sukari na iya faɗuwa cikin barci. Ka yi awo kafin ka kwanta, ka ci abincin dare sosai.

Mai insulin ya kan damu da zafi, kuma da gaskiyarsa. Wani bincike da ƙungiyar MSF da Jami'ar Janeba suka fitar a 2021 ya nuna cewa insulin da aka fara amfani da shi yana riƙe ƙarfinsa mako 4 a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Sai dai a watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu yana wuce digiri 40. Ka naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma, ka tsare ta daga rana, a masauki kuma ka ajiye ta gindin randa. A ganina, tafiyar farko ta lokacin sanyi ce, Disamba ko Janairu, a tashi bayan sallar asuba, a huta da tsakar rana. Kada ka haɗa ta da azumi.

Ka fara gwaji makonni kafin ranar: kilomita 10, sannan 20, kana awo kafin hawa da bayan sauka, kana rubutawa. Rubutun nan shi zai nuna wa ma'aikacin lafiya halin jikinka. Ka raba hanyar kwana biyu ko uku. Ruwa ya wadata, takalmi ya zama rufaffe, kowane dare ka duba tafin ƙafa, domin ciwon na dakushe ji, ƙaya ta shiga ba ka sani ba.

Kada ka tafi kai kaɗai. Abokin tafiyarka ya san cewa in ka fara magana a rikice, sukari zai ba ka. In kuwa ka suma, kada ya ɗura maka komai a baki, ya kwantar da kai ta gefe ya nemi motar da za ta kai ka asibiti. Ka kuma riƙe takarda a aljihu, da Hausa da Faransanci, mai ɗauke da sunanka, ciwonka, sunan maganinka da lambar wayar wani naka. Wanda bai iya rubutu ba, malamin yaƙi da jahilci na unguwarsu zai rubuta masa.