Zazzaɓin da Ba na Sauro Ba: Idan Magani Ya Ƙi Ci Fa?

Kai ɗan cikin birni, ka san yadda ake yi: jiki ya yi zafi, sai kemis, sai maganin maleriya. To idan zazzaɓin yakan yi kwana ɗaya zuwa uku da murɗar ciki da ciwon gaɓoɓi, ya tafi ya dawo, gwaji kuma ya ce ba maleriya ba ce fa? Kuma haka yayanka ke fama?

Akwai zazzaɓin gado da likitoci ke kira FMF. Ya fi yawa a cikin Turkawa, Armeniyawa, Yahudawa da Larabawa. Kar ka ce ina ruwanmu: fataken Gadamas da Tarabulus sun zauna a Dandalin Turawa, sun hayayyafa. Auren zumunci kuma na ƙara haɗarinsa, kamar sikila.

Tun 1972 ƙwayar colchicine ce maganinsa, kullum ake sha. Amma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba ta yi musu aiki, ciwon kuma na iya cinye ƙoda a ɓoye. Su ake ƙara wa allurar anakinra kullum, ko canakinumab duk mako huɗu, wadda Amurka ta amince da ita a 2016. Akwai tsada, kuma ba a daina ƙwayar.

Don Allah kar TikTok ta sa ka ninka colchicine, yawanta guba ne. Rubuta ranakun zazzaɓinka, ka tambayi dattawan gida, ka je Asibitin Murtala. In ta kama, a tura ka Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.