Badujalar Makaranta a Tsakiyar Hunturun Amurka

A makarantun sakandare da yawa na Amurka, watan Nuwamba ne 'yan badujala ke ajiye kayan fareti. Kakar ƙwallon da suke raka wa kiɗa ta ƙare, fili ya fara daskarewa, sai a koma cikin aji. Makonni kaɗan suka rage kafin wasan hunturu na Disamba, ranar da iyaye ke cika zauren makaranta don jin abin da 'ya'yansu suka koya. Masu kiɗan jaz kuwa aikinsu ninki biyu ne, domin a wurare da dama darasinsu kan zo tun gari bai waye ba, kafin a shiga karatu.

Sanyin da kansa shi ne matsalar farko. A ƙaho ko sarewa, iskar da ke cikin bututu ce ke girgiza ta ba da sauti, kuma sauti ba ya sauri cikin iska mai sanyi: kimanin mita 331 a daƙiƙa idan ma'aunin zafi ya sauka sifiri, mita 343 idan ya kai digiri 20. Don haka ƙaho mai sanyi muryarsa kan yi ƙasa da inda ake so. Shi ya sa za ka ga yaro yana ta hura numfashi cikin ƙahonsa ba tare da ya fitar da sauti ba. Ɗumama shi yake yi. Malamin da ya san aikinsa ba ya daidaita muryoyin kayan kiɗan sai sun ɗau ɗumi, in ba haka ba, ana cikin wasa kowa zai haura sama, kiɗa ya dagule. Kilarinet na katako kuma bushewar ɗakin da ake ɗumamawa kan tsaga shi, kamar yadda hunturu ke yi wa diddige faso.

Babbar ƙungiyar jaz takan kai mutum 17: masu saksofon biyar, masu ƙaho huɗu, masu turombon huɗu, sai fiyano da jita da babbar garaya mai kaurin murya da ganguna. Da yawansu idonsu na kan gasar Essentially Ellington, wadda cibiyar Jazz at Lincoln Center ta birnin New York ta soma a 1995, ƙarƙashin jagorancin mabushi Wynton Marsalis. Cibiyar na raba wa makarantu rubutaccen kiɗan fitaccen makaɗin jaz Duke Ellington kyauta. Yara su sha atisaye duk tsawon hunturu, su naɗi sautinsu su aika, waɗanda aka zaɓa su tafi New York a watan Mayu. Makarantun Garfield da Roosevelt na birnin Seattle sun sha lashe ta, kuma a Garfield ɗin ne fitaccen mai tsara kiɗa Quincy Jones ya yi karatu.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne irin kiɗan da aka ɗora musu. Ellington, wanda ya rasu a 1974, yakan tsara sashe ne da wani mabushi takamaimai a ransa, kamar Johnny Hodges ko Cootie Williams. Takarda ba ta iya ɗaukar lanƙwasar muryar Hodges. Dole ɗan shekara 16 ya zauna da tsohon faifai, ya saurara har sai kunnensa ya kama. Sannan a zo gaɓar da za a ce ya miƙe ya busa nasa, babu rubutu, abokansa na riƙe masa kiɗa.

Sai dai ƙaho kuɗi ne, tafiya New York ma kuɗi ce. Kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati a Amurka daga harajin gidajen yankin yake fitowa, don haka badujalar unguwar masu hali da ta talakawa ba ɗaya ba ce. Iyaye kan yi ta sayar da kayan ƙwalama don tara kuɗin mota. Wannan yana damuna, domin na san inda fitaccen mabushin jaz Louis Armstrong ya samu horonsa. An kama shi yana ɗan shekara 11 saboda ya harba bindiga sama a daren shiga shekarar 1913, aka kai shi gidan horon yara baƙar fata a New Orleans. Gidan yana da badujala, da malami mai suna Peter Davis, da ƙahon da aka iya miƙa wa yaron da ba shi da ko sisi.